Na samu sauƙi, amma ajiye maganin damuwa ya gagare ni

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 33, 'ya'yana biyu. Wata 14 ke nan ina shan citalopram, miligiram 20 kullum da safe, saboda ciwon damuwa da fargaba. Kafin in fara, tashi daga kan gado ma aiki ne a wurina, ga faɗuwar gaba ba dalili. Alhamdu lillahi, kusan wata 8 ke nan na dawo hayyacina. Sai dai ji nake kamar an dakushe ni: ba na iya kuka, ba na murna har zuci, sha'awata ga maigida ma ta ja baya. Watan jiya na daina sha ban gaya wa kowa ba. A kwana na uku jiri ya fara ɗibata, ina jin abu kamar shokin a cikin kaina, ina kuka ba gaira ba dalili. A kwana na shida na koma wa maganin, cikin kwana biyu komai ya lafa. Maigida ya ce wannan alama ce na kamu da ƙwaya, in daure in yar da ita gaba ɗaya. Yayata ta ce ciwon ne ya dawo, kada in sake gigin bari. Na taɓa shiga irin wannan hali ina ɗaliba, ya wuce da kansa bayan wasu watanni. Wata mai zuwa zan kama sabon aiki, kuma muna son ƙarin haihuwa. Anti, yaushe ya kamata in daina?

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Bari in fara da kwana shidan nan, domin su ne suka firgita ki, kuma a kansu ne maigida da Yaya suka raba hanya. A ganina kowannensu ya faɗi abin da ya faɗa ne don yana ƙaunarki, amma duk su biyun ba su karanta abin da ya faru daidai ba.

Citalopram ba ya daɗewa a jiki. Cikin kwana ɗaya da rabi, rabin abin da ke jininki ya fita. Bayan wani kwana ɗaya da rabin, rabin ragowar ya bi shi. Ke nan a kwana na uku da kika ce jiri ya fara, ƙwaƙwalwar da ta shekara guda da 'yan watanni tana aiki tare da wannan magani ta wayi gari an janye mata shi lokaci ɗaya. Abin da kika ji kukan jiki ne na rabuwa da abin da ya saba da shi. Alamominsa sanannu ne: jiri, tashin zuciya, gumi, mafarkai masu nauyi, saurin fushi, kuka, da wannan shokin ɗin da ke ratsa kai, musamman idan mutum ya juya idanu da sauri. Ki tuna lokacin da ciwon ya kama ki da farko, kin ji shokin a kai? Na tabbata a'a. Ciwon damuwa idan zai dawo, sanɗa yake yi. Yakan ɗauki makonni ko watanni, ya fara da ɗauke barci, ya rage miki jin daɗin abubuwa, sannan ya danne ki. Kuma ba ya tashi cikin kwana biyu don an haɗiyi ƙwaya. Ke shaida ce: da kika fara maganin, sai da kika yi makonni kafin ki ga haske. Abin da ya zo a kwana uku ya tafi a kwana biyu, da wuya a ce ciwon ne. Wannan amsar Yaya ke nan.

Shi kuwa maigida, kalmar da ya yi amfani da ita ta yi nauyi, kuma na san ta yi miki ciwo. Wanda ya kamu da ƙwaya yana kwaɗayinta, yana neman maye, abin da ya ishe shi jiya ba ya isar sa yau, yana ɓoyewa, yana ƙarya, yana sayar da kayansa don ya samu. Ke wata 14 kina kan miligiram 20 ɗin da aka rubuta miki, ba ki ƙara ba, hasali ma hanyar rabuwa da shi kike nema. Jiki ya saba da magani wani abu ne daban, kuma ba maganin damuwa kaɗai ke da wannan hali ba. Mai shan prednisolone, maganin kumburi da asma, na tsawon lokaci ba a yarda ya yanke shi rana ɗaya, haka mai shan wasu magungunan zuciya da hawan jini irin su propranolol. Babu wanda ke kiran waɗannan mutane 'yan ƙwaya. Shawarar da ya ba ki ta ki daure ki yar gaba ɗaya, ita ce dai hanyar da kika riga kika gwada, kin kuma ga inda ta kai ki.

Kada ki ɗauka ke kaɗai ce. A shekarar 2024 mujallar Lancet Psychiatry ta buga wani nazari da ya tattara bincike 79, na mutane sama da 21,000. Kusan mutum 31 cikin 100 sun ji irin waɗannan alamomi bayan daina magani. Amma har cikin waɗanda ƙwayar bogi, wadda babu magani a cikinta, suke sha ba su sani ba, 17 cikin 100 sun ce sun ji wani abu da aka tsayar musu da ita. Da aka cire wannan, sai ya rage kusan 15 cikin 100 da za a ɗora wa maganin kansa, masu tsanani kuma kusan mutum 3 cikin 100. Da yawa daga cikin waɗanda aka bincika ba su daɗe a kan magani ba, kuma wanda ya daɗe ya fi fuskantar wahalar rabuwa. Likitoci ma sun jima suna ɗaukar abin da sauƙi. Sai a 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fito fili ta amince cewa ga wasu mutane alamomin kan yi tsanani kuma su daɗe. Magunguna ma sun bambanta. Paroxetine da venlafaxine sun fi ba da wahala domin suna barin jiki da sauri, fluoxetine kuwa yakan yi makonni yana fita a hankali, shi ya sa rabuwa da shi ta fi sauƙi.

To yanzu ga ainihin tambayarki. Kuskuren da mutane da yawa ke yi shi ne su fara lissafi daga ranar da suka fara magani. Likitoci daga ranar da aka warke suke ƙirgawa. Naki lissafin wata 8 ne, ba 14 ba. Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta ce a ci gaba da maganin damuwa aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi, a ciwon fargaba mai ɗorewa kuma aƙalla shekara guda, domin yana yawan juyowa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2016, ta ba da wata 9 zuwa 12. Dalili shi ne a watannin farko ciwon ya kwanta ne, bai tafi ba, kamar wutar da aka yayyafa wa ruwa amma akwai garwashi a ƙarƙashin toka. Jin daɗin da kike ji yanzu yana iya zama alamar kin warke, yana kuma iya zama alamar maganin yana aikinsa. Daga ciki, su biyun kamanninsu ɗaya, shi ya sa ba a dogara da jin jiki kaɗai.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da kika wuce ta da sauri, ni kuwa a kanta na fi tsayawa: halin da kika shiga kina ɗaliba. Ko kin taɓa gaya wa likitanki? Idan ya tabbata ciwon damuwa ne, to wannan karo na biyu ne, kuma lissafi ya canza. Kusan rabin waɗanda ciwon ya kama sau ɗaya yakan sake dawo musu, kuma kowane karo yana ƙara yiwuwar na gaba. Ga wanda ya yi ta fama da shi a kai a kai, ko ya taɓa kai shi ga yunƙurin halaka kansa, likitoci kan ba da shawarar a ci gaba shekara biyu ko fiye. Naki tazararsa ta yi nisa, sama da shekara goma, kuma na farkon ya wuce ba magani. Wannan zai iya sassauta hukunci. Amma likitan da ba a gaya masa ba, da rabin labari zai yi aiki.

Bari in ba ki wani bincike da nake ganin ya fi kowanne amfani ga mai tsayuwa inda kike. An yi shi a Ingila, aka buga a 2021, sunansa ANTLER. Mutum 478 ne, duk sun daɗe suna shan magani, citalopram na cikin magungunan, duk kuma sun ji sun warke har suna tunanin bari. Aka raba su biyu ba tare da sun san ɓangaren da suka faɗa ba: wasu suka ci gaba, wasu aka janye musu cikin kusan wata biyu. Bayan shekara guda, ciwon ya dawo wa 56 cikin 100 na waɗanda aka janye wa, da 39 cikin 100 na waɗanda suka ci gaba. Yaya za ta karanta wannan ta ce ai ga shi nan, bari akwai haɗari, kuma ba ta yi ƙarya ba. Amma ki duba ɗaya gefen: 44 cikin 100 sun ajiye magani sun shekara lafiya lau, alhali yawancinsu sun sha fama da ciwon fiye da ke. Kuma ci gaba da sha bai zama katanga ga kowa ba. Babu zaɓin da ba shi da kasada a nan. Abin da ke hannunki shi ne ki zaɓi lokacin da kasadar ta fi sauƙin ɗauka.

Wannan lokacin kuwa ba wata mai zuwa ba ne. Sabon aiki, ko da na alheri ne, yana zuwa da sabbin fuskoki, da canjin lokacin barci, da zullumin ko za a iya. Idan kika haɗa shi da rage magani, ranar da gabanki ya faɗi ba za ki san wanda za ki tuhuma ba: aikin ne, ragin ne, ko ciwon. Da ni ce ke, zan bar maganin yadda yake in kama aiki, in ba shi wata uku ko huɗu har ƙafata ta zauna. A lokacin kin cika shekara da samun lafiya, kin cika sharaɗin fargabar ma. Kafin nan ki tambayi kanki tsakani da Allah: na warke sarai, ko akwai saura? Barci ya daidaita? Abin da ya jefa ni a ciwon, idan akwai shi, yana nan ko ya kau? Ragowar alamomi, ko da ƙanana ne, suna cikin abubuwan da suka fi nuna cewa ciwon zai iya juyowa.

Ban manta da dakushewar da kika ambata ba, da maganar maigida. Na gode da ba ki ɓoye ba, domin mata da yawa a kan wannan suke daina magani a ɓoye, kunya ta hana su faɗa. Duka biyun sanannun illolin wannan rukunin magunguna ne, ba raguwar ƙauna ba ce, kuma dalilai ne na gaske da ya kamata a sa a ma'auni. Mutum ba ya shan magani don kawai ya daina kuka. Yana so ya ji daɗin dariyar 'ya'yansa ma. Ki faɗa wa likita da bakinki, a fili. Wani lokaci rage yawan magani kaɗan yakan sassauta abin, wani lokaci a canza zuwa wanda bai cika taɓa sha'awa ba, kamar mirtazapine ko bupropion, kowanne da nasa halin. Wato tsakanin sha har abada da yarwa gobe akwai fili mai faɗi, kuma cikinsa yawancin mutane ke samun mafita.

Maganar haihuwa kuma a yi ta kafin ciki ya shiga, ba bayan ya shiga ba. Abin da nake ji miki tsoro shi ne ki ga gwaji ya nuna ciki, ki firgita, ki watsar da magani a ranar. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2006 ya bi mata 201 masu tarihin ciwon damuwa: cikin waɗanda suka daina magani a lokacin ciki, ya dawo wa 68 cikin 100, cikin waɗanda suka ci gaba, 26. Ciwon damuwa da ba a kula da shi ba yana cutar da uwa da abin da ke cikinta, kuma bayan haihuwa lokaci ne da ya fi samun ƙofa. Akwai magungunan da likitoci suka fi natsuwa da su ga mai ciki da mai shayarwa, kamar sertraline, akwai kuma wanda suke kauce wa, kamar paroxetine. Ko dai ku ɗan jinkirta, ki sauka daga magani ki zauna wasu watanni a ga yadda kike, ko ku nemi cikin kina kan magani bisa kulawar likita. Duka biyun hanyoyi ne na masu hankali. Ku zaɓa ku uku, ke da shi da likita.

Idan lokacin ya yi, yadda za ki sauka yana da muhimmanci kamar yaushe za ki sauka. A nan akwai wani abu da ya saɓa wa yadda hankali ke zato. Mutum zai ɗauka daga 20 zuwa 15 daidai yake da daga 5 zuwa babu, tunda duk biyar ce aka cire. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna ba haka ba ne. Miligiram 20 na citalopram yana riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na wuraren da maganin ke aiki a kansu, su ne masu kwashe serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Miligiram 5 kacal yana riƙe kusan kashi 60. Ki ga, kin zubar da kashi uku cikin huɗu na ƙwayar, amma ƙarfinta kaɗan ya ragu. Daga 5 zuwa babu kuwa, faɗowa ce daga 60 zuwa ƙasa. Tsani ne da matakansa na sama suke kusa da juna, na ƙarshe kuma ya yi nisa da ƙasa. Wasu masana biyu a Landan, Mark Horowitz da David Taylor, su ne suka fito da wannan bayani sosai a 2019, kuma ƙa'idojin Ingila na 2022 sun karkata ga hakan: a rage kashi na abin da ake sha a yanzu, rabi ko kwata, a jira mako biyu zuwa huɗu jiki ya zauna, sannan a sake ragewa, matakan suna ƙara ƙanƙanta yayin da ake kusantar ƙarshe. Ga wadda jikinta ya riga ya nuna ba ya son gaggawa, irinki, ana iya tafiya da kashi ɗaya cikin goma a kowane mataki, abin ya ɗauki watanni. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ƙwaya ta yi ƙanƙantar da ba ta yankuwa, akwai na ruwa da ake aunawa da ɗigo. Ki tambayi likita ko mai harhaɗa magani. Dabarar sha yau a tsallake gobe kuwa ki guje ta, domin da magani mai saurin fita, jijjiga jiki kawai take yi, sama da ƙasa. Idan wani mataki ya yi miki tsauri, ki koma na bayansa ki huta, daga baya ki gwada ƙaramin ragi.

Na zauna kusa da wata aminiyata lokacin da take wannan saukar. Abin da ya fi taimakonta wani ɗan littafi ne da take ajiyewa kusa da kwalbar maganin. Kullum da dare layi ɗaya take rubutawa: yawan abin da ta sha, awa nawa ta yi barci, da maki daga ɗaya zuwa goma na yadda ranar ta kasance. A mako na biyu bayan wani ragi ta kira ni murya na rawa, ta ce ciwon ya dawo. Muka buɗe littafin tare, sai ga shi ƙarara: duk ragin da ta yi, kwana na huɗu zuwa na takwas makinta kan faɗi, sannan ya hau da kansa. Ta share hawaye ta jira, ya kuwa hau. A shafin farko kuma ta rubuta alamominta na kanta, waɗanda ta san da su ciwon ke sallama: ta daina ɗaga waya, ta jiƙa wanki ta bar shi kwana biyu, ta farka ƙarfe uku na dare barci ya ƙi dawowa. Ta nuna wa mijinta shafin ta ce, idan ka ga biyu daga cikin waɗannan sun wuce mako biyu, kada ka jira in yarda, ka kai ni. Ke ma kina da naki alamomin. Ki zauna ki tuno su tun yanzu da kike da lafiya, domin idan ciwon ya zo, abu na farko da yake ɗaukewa shi ne ikon gane shi.

Kada kuma ki sauka hannu rabbana. Maganin zama da ƙwararre a yi magana, wanda ke koya wa mutum gane mugun tunani tun yana tasowa da yadda zai tare shi, yana rage dawowar ciwon. A wani bincike na mutum 424 da aka buga a 2015, waɗanda aka koya wa irin wannan dabara suna rage magani, da waɗanda suka ci gaba da magani, kusan kunnen doki suka yi bayan shekara biyu: ciwon ya dawo wa 44 cikin 100 na rukunin farko, da 47 cikin 100 na rukuni na biyu. Idan kina da hanyar samun wannan, watannin jiran nan su ne lokacinsa.

Abu ɗaya ne ba ya jira. Ko kina rage magani ko ba kya ragewa, idan tunanin mutuwa ko cutar da kanki ya fara zuwa miki, ko kika ji wani irin ƙaiƙayin zuciya da ba ya barin ki zauna wuri ɗaya, ko kika yi kwanaki ba barci amma ƙarfi na ta ƙaruwa, a ranar za ki ga likita, kuma a ranar za ki gaya wa wani na kusa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, na san kwana shidan nan sun bar miki tsoro. Amma abin da suka nuna shi ne jikinki ba ya son a fizge masa magani, ba su ce ba za ki taɓa rabuwa da shi ba. Idan kuma kika sauka a hankali, bayan watanni ciwon ya dawo, ki koma ba tare da sunkuyar da kai ba. Akwai masu shan sa shekaru suna rayuwa cikakkiya, kamar yadda mai ciwon suga ke riƙe da nasa. A wannan makon ki nemi ganin likitan da ya rubuta miki maganin, ki roƙi maigida ya raka ki, domin abin da zai ji daga bakin likita zai fi zama masa fiye da wanda zai ji daga gare ki ko daga gare ni. Ki tafi da abu huɗu a rubuce don kada kunya ko mantuwa su cinye su: kwana shidan da kika daina da abin da kika ji, halin da kika shiga kina ɗaliba, dakushewar da maganar sha'awa, da niyyarku ta haihuwa. Gobe da safe kuma ki sha ƙwayarki kamar yadda kika saba. Ki gaishe min da Yaya, ki rubuto min bayan kin kama aikin.